Horar da malamai ilimin sararin samaniya: mi ake nufi, kuma mi zai ƙara ma yaran Maradi?

Tun watan Satumba na 2024, da aka ji labarin ƙasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina, sun zauna a Bamako da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan maganar tauraron ɗan adam, zancen sararin samaniya ya shigo bakin mutane sosai, a fada, a gidajen rediyo, a guruf guruf na WhatsApp. Bayan shi kuma sai wata magana ta biyo: wai a ƙasashe da dama ana tara malaman makaranta ana horar da su ilimin sararin samaniya, da hannunsu suke yin gwaje gwajen, don su koma aji su jawo hankalin yara zuwa abin da ake kira STEM, kuma mu ma ya kamata mu kama wannan hanya. Nan ne kawuna suka rabu. Wani ya ɗauka so ake a maida malamin makaranta ɗan sama jannati, wani ya ce ai ilimin taurari duba ne kuma duba haramun ne, wani kuma, galibi uban yara, tambayarshi ɗaya ce: ɗana da ke zaune ƙasa cikin ajin zana, bai iya karanta sunanshi ba, ina ruwanshi da wata da taurari?

Kowace daga cikin maganganun nan tana da inda ta samo tushe, shi ya sa ya dace a warware su ɗaya bayan ɗaya.

Kalmomin da ke rikita mutane

STEM haruffan farko ne na kalmomi huɗu na Ingilishi, kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi. A Faransanci STIM ake cewa. Hukumar kimiyya ta Amurka ce ta yaɗa kalmar wajen 2001, kuma abin da take nufi shi ne a daina koyar da fannonin nan kamar ba su san juna ba. A makarantunmu yaro yana yin lissafi da ƙarfe takwas, fizik da ƙarfe goma, malamai biyu, kaye biyu, kuma sau da yawa har ya yi BEPC bai taɓa gane cewa kusurwar da ya zana da safe ita ce za ta gaya mishi tsawon hasumiyar masallacin unguwarsu ba.

Ilimin sararin samaniya kuma hannu biyu gare shi. Akwai falaki, wato sanin tafiyar rana da wata da taurari, mi ke kawo husufi, don mi watan Musulunci ke yin kwana 29 ko 30. Akwai kuma ɓangaren na'urori, roka, kumbo, tauraron ɗan adam, da yadda ake amfani da hotuna da saƙonnin da suke aikowa ƙasa. Ɓangare na biyun nan shi ne ya fi kusa da aljihun talaka, za mu zo kanshi.

Sai "yi da hannu". Galibin formasiyon da malamanmu suka saba da ita, a zauna ne cikin zaure kwana uku ko biyar, mai horarwa na magana, ana kwafe, a ba da takarda da ɗan kuɗin mota a watse. Horon da ake magana a kai ya bambanta da wannan ta wuri guda: malamin da kanshi zai kafa sandar, ya auna, ya yi kuskure, ya sake, ya yi gardama da abokin aikinshi kan sakamakon, kamar yadda ɗalibinshi zai yi gobe. Dalilin mai sauƙi ne, wanda bai taɓa yin gwaji ba yana jin tsoron yin shi gaban yara tamanin, don in ya ƙi fitowa daidai girmanshi ne zai zube, sai ya gwammace ya zana shi a tablo ya wuce.

Daga ina abin ya taso

Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan adam na farko. Amurka ta girgiza, kuma abin lura shi ne ba roka kaɗai ta sa ma kuɗi ba, a 1958 ta kafa NASA, a shekarar nan kuma ta yi dokar da ta zuba kuɗi cikin koyar da kimiyya da lissafi, aka dinga tara malaman sakandare lokacin hutu ana sake horar da su. Tun daga nan gwamnatoci suka lura sama tana da wani jan hankali ga yaro wanda lissafin alli ba shi da shi, sai aka maida ta ƙofar shiga.

A Faransa, wadda tsarin karatunmu ya gado abubuwa da yawa daga gare ta, Georges Charpak, masanin fizik mai lambar Nobel, ya fito da shirin La main à la pâte a 1996, ma'ana sa hannu cikin ƙullu, don 'yan firamare su koyi kimiyya ta hanyar gwaji. A 2009, shekarar falaki ta duniya, aka fara shirin Galileo na horar da malamai, wanda ya bazu ƙasashe masu yawa. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tun 1999 ta ware 4 zuwa 10 ga Oktoba na kowace shekara a matsayin makon sararin samaniya.

Afirka ba ta zauna ba. A 1998 aka buɗe cibiyoyi biyu na horarwa masu alaƙa da Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗaya a Ile-Ife don masu Ingilishi, ɗaya a Rabat don masu Faransanci. Najeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003. A 2017 ɗaliban wata jami'a mai zaman kanta a Ghana suka haɗa GhanaSat-1 tare da taimakon Japan. Senegal ta harba Gaindesat-1A a Agusta 2024, a Afrilu 2025 kuma aka buɗe hukumar sararin samaniya ta Tarayyar Afirka a Alƙahira. Duk ƙasar da ta shiga wannan harka tana cin karo da tambaya ɗaya, in an sayi na'urar wa zai riƙe ta, wa zai karanta hotunan da take aikowa? Injiniyan da zai yi wannan nan da shekara goma sha biyar, yau yana CM2 ko 6e.

Nan gida ma koyar da kimiyya ta hanyar aiki ba baƙon abu ba ne. Tsofaffin malaman lissafi da fizik na kolaji sun san shirin SMASSE, wanda ya faro daga Kenya a 1998, ya shigo Nijar wajen 2006 da tallafin Japan, kuma babban darasinshi shi ne malam ya haɗa kayan gwaji da abin da ke kusa da shi. Sannan kada a manta Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, ɗan Tasawa ne, nan jihar Maradi aka haife shi a 1929, kuma rayuwarshi ya ƙare ta yana binciken yadda za a ci moriyar hasken rana.

Mi ake yi cikin irin wannan horo

Gara a ga abin kusa, don sunan ya fi aikin ban tsoro.

A ɗauki sanda mai tsawon mita ɗaya, a kafa ta tsaye sak a filin makaranta, inda ƙasa take shimfiɗe. Ranar 20 ko 21 ga Maris, ko 22 zuwa 23 ga Satumba, a fara sa alama a bakin inuwarta tun ƙarfe sha biyu, kowane minti biyar a sa tsakuwa. Inuwar za ta yi ta gajarta har ta tsaya, sannan ta fara tsawo ta gabas. Inda ta fi gajarta nan ne tsakiyar rana, kuma a Maradi ba sha biyu daidai take faɗuwa ba, sai wajen sha biyu da rabi, don agogon Nijar an ɗaure shi ne da layin digiri 15 na gabas, mu kuma muna wajen digiri 7. Duk almajirin da ya karanta babin lokutan salla ya san wannan inuwa, ita ce ta zawali. In aka auna ta za a samu kusan santimita 24. A zana sandar da inuwar a takarda, a auna kusurwar, za ta ba da digiri 13 da rabi, wanda shi ne nisan Maradi daga layin da ya raba duniya biyu.

Daɗin abin yana gaba. In wani malami a Agadas ya yi irin wannan a ranar, inuwarshi za ta kai wajen santimita 30, kusurwarshi digiri 17. Ya turo sakamakon ta WhatsApp. Bambancin digiri 3 da rabi ne, tazarar kudu da arewa tsakanin garuruwan biyu kuma wajen kilomita 390. A raba 360 da 3 da rabi, a ninka da 390, sai ga kusan kilomita 40,000, kewayen duniya ke nan. Haka Eratosthenes, wani masani Bagirke, ya yi a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, tsakanin Aswan da Iskandariyya. Kayan aikin duka sanda ne da igiya da tsakuwa da ma'auni, ko dala ba a kashe ba, amma yaron ya taɓa lissafi, ya taɓa labarin ƙasa, ya kuma ga da idonshi dalilin da ya sa ake cewa duniya ƙwallo ce, don da shimfiɗaɗɗiya ce, ga rana can nesa, da inuwar Maradi da ta Agadas sun zo ɗaya. Da sandar nan kuma za a iya kama kwana biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, da rana ke tsayawa bisa kan Maradi sak har inuwar ta ɓace ƙarƙashin sandar.

Gwaji na biyu na girma da nisa ne. A ce duniya ita ce ƙwallon ƙafa, faɗinta santimita 22. To wata zai zama kamar ƙaramin lemu, santimita 6, kuma in ka tambayi mutane ina za a riƙe lemun yawanci kamu ɗaya ko biyu suke nunawa, alhali sai an ja da baya mita 6 da rabi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kilomita 400 a sama tana zagaya duniya cikin minti 90, a wannan ma'auni ko santimita ɗaya ba ta kai ba daga fatar ƙwallon. Taurarin da parabol ke kallo, masu nisan kilomita 35,786, suna wajen santimita 60. Rana kuwa faɗinta zai kai mita 24, kuma sai an yi tafiyar kilomita biyu da rabi kafin a iske ta. Da ƙwallon da lemun da cocila cikin aji mai duhu ake nuna yadda jinjirin wata ke girma ya cika ya ragu cikin kwana 29 da rabi, da dalilin da azumi ke matsowa da kwana 11 kowace shekara.

Sai rokar ruwa, wadda yara suka fi so. Gorar roba ta lita ɗaya da rabi, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe, a hura iska da famfon keke, in toshiyar ta fita ruwan ya feso ƙasa gorar ta yi sama. Dokar Newton ta uku ke nan. Amma in an tsaya ga tafi da ihu wasa aka yi. Darasin yana farawa ne lokacin da aka tsaida yaro mita 20 daga wurin, ya auna kusurwar da gorar ta kai, a lissafa tsawon, a canja yawan ruwan a sake, a rubuta a kaye, a tambaya don mi rabin gora bai kai kashi ɗaya cikin uku tashi ba.

Inda ake da kwamfuta ko babbar salula akwai Stellarium, manhaja ce da ake samu kyauta, tana nuna saman kowane gari a kowane dare, kuma in an sauke ta ba ta buƙatar rezo.

Abin da ya haɗa Maradi da sama

Masu cewa abin ya yi nisa da rayuwarmu suna manta wani labari da ya faru a gonakinmu. Daga shekarun 1980 manoman jihar Maradi suka koma barin tohon itace cikin gona suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani, gawo da kalgo da sabara suka dawo. Kowa ya san gonarshi da ta maƙwabcinshi, amma ba wanda ya san girman abin gaba ɗaya sai a shekarun 2000, da masu bincike suka jera tsofaffin hotunan jirgi da na tauraron ɗan adam, suka ga wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo tsakanin Maradi da Damagaram, itatuwa kusan miliyan 200. Manomin Agye da Mayahi ne ya yi aikin, amma ido daga sama ne ya nuna shi ga duniya, kuma mafi yawan masu karanta hotunan daga waje suka zo.

Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974, da hotunan sama take bin damina, ciyawar kiwo da haɗarin fara a ƙasashen Sahel. Hasashen ruwan da ake karantawa a rediyo daga can irin wannan bayani yake fitowa. Ambaliyar 2024, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Maradi har aka ɗage komawa makaranta a ƙasar zuwa 28 ga Oktoba, ta nuna amfanin sanin inda ruwa ke bi da inda bai kamata a yi gini ba a bakin gulbi. Mai ɗaura parabol a unguwa, da yake juya faranti a hankali har hoto ya fito, yana nemo wani abu ne da ke zagaya duniya cikin awa 24 daidai da juyawarta, shi ya sa yake kamar a tsaye wuri ɗaya. Direban da ke bin taswira a salula kuma sai wayarshi ta ji aƙalla taurari huɗu na GPS kafin ta san inda yake. Duk waɗannan sana'o'i ne da ake ci da su yau.

Masu goyon baya da masu ja

Hujjar masu goyon baya ta fi ƙarfi ta wajen kuɗi. Kolaji da yawa ba su da labo, inda akwai ma sau da yawa ba ruwa, ba kuran, magungunan gwaji sun ƙare. Sama kuwa tana bisa kowace makaranta, ta birni da ta ƙauyen Dakoro, kuma ƙauyen ma ya fi birni samun duhun da ake ganin taurari, in ba lokacin hazo ba. Suna ƙarawa da cewa kowa ya san yadda ajin seri C ke zama 'yan ƙalilan a lise in aka gwada da A da D, kuma yaro tun yana kolaji yake yanke hukuncin cewa lissafi ba nashi ba ne, don haka in za a kama shi to da wuri ne. Malami ɗaya kuma cikin shekarun aikinshi dubban yara ke ratsawa ta hannunshi, horar da shi ya fi arha bisa ga kai ma kowane yaro kayan aiki.

Masu ja su ma ba da wasa suke ba. Suna tuna ma mutane cewa gwajin PASEC na 2014, mai auna karatun 'yan firamare a ƙasashen Afirka masu Faransanci, ya nuna ko ɗaya cikin goma na 'yan ƙarshen firamare a Nijar bai kai matakin da ake so ba a karatu, na 2019 ya nuna an ɗaga sosai amma har lokacin mafi yawa ba su kai ba. Suna tuna ajujuwan zana, da gobarar Nuwamba 2021 nan cikin Maradi wadda ta ci yara sama da ashirin. Suna cewa mafi yawan masu riƙe da alli 'yan kwantaragi ne, wasu ba su samu cikakken horon koyarwa ba, ɗan abin da ake ba su kuma ba ya kai wata. A wurinsu duk jikar da aka kashe kan roka an ɗauke ta ne daga bulo da tebur da littafi.

Akwai ja na biyu, daga masana koyarwa. Binciken PISA na 2015, mai gwada ɗaliban ƙasashen duniya da dama, ya gano ɗaliban da suka ce ana yawan barinsu su yi bincike da kansu sun fi son kimiyya, amma makinsu bai kai na waɗanda malami ke yi ma bayani dalla dalla ba. Wannan bai rushe gwaji da hannu ba, abin da ya nuna shi ne sha'awa daban, fahimta daban, kuma gwajin da ba bayani kafinshi da bayanshi yana iya ƙarewa a kallo. Shi ya sa nauyin ke dawowa kan malamin, in shi bai san dalilin da inuwar Agadas ta fi tsawo ba, sandar ba za ta faɗa ma yara ba.

In aka auna maganganun biyu, masu ja sun yi gaskiya cewa wannan horo ba zai gina aji ba kuma ba zai koya ma ɗan CI baƙaƙe ba, duk wanda ya tallata shi a haka ya wuce gona da iri. Amma zaɓin ba lalle ya zama ko wannan ko wancan ba, tunda sanda da gora ba su cin kuɗin siminti. Inda kuɗi ke tafiya shi ne otal da abinci da kuɗin zama na kwana biyar a babban birni, kuma nan ne ya kamata a sa ido. Irin horon da ake yi hawa hawa, a horar da mutum goma su horar da ɗari su kuma su horar da dubu, an san lagonshi, kafin ya kai ƙauye gwajin ya koma labari. Wanda ya fi kama ƙasa shi ne wanda ake komawa, malaman yanki su haɗu duk wata, mai ba da shawara kan koyarwa ya shiga aji ya ga darasin, kuma gwajin ya zama yana cikin furogiram, don malamin 3e da Terminal jarrabawa yake kallo, abin da ba ya fitowa a BEPC ko Bak zai ajiye shi sai in lokaci ya ragu, kuma ba ya raguwa. Makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo duk suna cikin garin nan, ke nan masu iya riƙe irin wannan bibiya ba sai an ɗauko su daga nesa ba.

Maganar addini da ta harshe

Tsoron cewa ilimin taurari duba ne ya fito ne daga kalmar kanta, don Hausa ta haɗa abu biyu a suna ɗaya. Malamai sun daɗe da raba su, akwai sanin tafiyar taurari don gane lokaci da alƙibla da hanya, wannan halal ne, akwai kuma da'awar cewa tauraro na juya rabon mutum, wannan shi aka hana. Aya ta 5 ta Suratur Rahman ta ce rana da wata da lissafi suke tafiya. Kuma akwai gwajin da kowane limami zai so, ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana bisa Ka'aba sak, duk inda ka fuskanci rana a lokacin alƙibla ka fuskanta. Katsinawan Maradi ma suna da nasu a wannan fage, Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da falaki da ya rasu a Alƙahira a 1741. Horon da ya gayyato malaman islamiyya da na zaure tun farko zai fi samun karɓuwa wurin iyaye.

Harshe kuma, tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, tambayar da wane harshe za a koyar da kimiyya ta ƙara ƙarfi. Sama tana da sauƙi ta nan, don kalmomin suna nan, Kaza da 'ya'yanta, Zara, Gamzaki. Yaro zai yi mamaki in ya ji Zara ta magariba da Gamzakin asuba abu ɗaya ne, duniyar Zuhura ce, wani lokaci tana bin bayan rana wani lokaci tana riga ta fitowa. Inda aikin yake shi ne kalmomi irin na ƙarfin jan ƙasa da hanyar zagaye, in ba a daidaita su ba kowane malami zai ƙirƙiri tashi.

Abin da talaka zai gani

Ga uba, in abin ya tafi daidai, ba zai ga sabon kuɗin makaranta ba, zai dai ga yaro na neman tsohuwar gora da igiya, ko yana tsaye tsakar gida bayan magariba yana zana wata a kaye har sati biyu. In aka ce ya kawo jika biyu ta kayan sararin samaniya, yana da haƙƙin ya tambayi direkta ko kwamitin iyaye mi za a saya.

Ga 'yan mata akwai wani cikas da ba a cika faɗa ba, kallon taurari da dare ake yi, kuma ba kowane gida zai bar budurwa ta koma makaranta bayan isha ba. In shirin ya dogara ga dare kaɗai an fidda su ke nan ba tare da an ce an fidda su ba. Inuwa, roka, alƙibla, duk da rana ake yi, kallon wata kuma daga tsakar gida, uwa na gani. Horar da malamai mata shi ma yana da nashi tasiri, musamman a jihar da 'yan mata da yawa ke barin karatu kafin su gama kolaji.

Ga malamin kuma, ƙarin aiki ne ba tare da ƙarin albashi ba, wannan gaskiya ce da ba ta ɓoyuwa, aji mai yara tamanin fitar da shi fili a maido shi kaɗai ya ci minti goma sha biyar. Abin da yake samu shi ne darasin da yara ke tambayar yaushe za a sake.

Husufin 2027

Waɗanda suka yi wayo a 2006 suna tuna hantsin 29 ga Maris, da husufin rana ya ratso arewacin Najeriya ya shigo kudancin Nijar ya haura Tenere zuwa Libiya, gari ya rine, kaji suka nufi akurki, aka cika masallatai, yara kuma da yawa suka ɗaga kai suka kalli rana da ido tsirara ko ta baƙin gilas, abin da ke iya ƙona ido har abada.

Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 wani zai zo. Cikakken zai bi ta Maroko, Aljeriya, Libiya, Masar da Saudiyya, mu nan wani sashe na rana ne zai rufe, da hantsi. Madambaci ko faifai mai ƙananan huji ya isa, a juya ma rana baya a riƙe shi, kowane huji zai zana lauje a ƙasa, haka ma hasken da ke ratsowa ta ganyen dogon yaro. Sai dai 2 ga Agusta tsakiyar hutu ne kuma tsakiyar damina, makarantu a rufe, yara da yawa suna gona, mai yiwuwa ma hadari ya rufe saman. Malamin da ke son ɗalibanshi su san abin da za su yi a ranar, sai ya koya musu kafin a tashi hutu a watan Yuni, shi kuma a horar da shi kafin nan.